Zanen Cikin Littafin Jana'iza

Sosiot, 6 ga Maris

Zuwa ga 'yata Chesang,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya Nairobi, yaya tarin nan da kika ce ya tafi alhali ina jin sa a muryarki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Jar saniya ta haihu, mace. Ganyen shayi ya fara kyau tun da aka yi ruwa biyu. Baffanki Sila yana gaishe ki.

Tun ranar Lahadi da kika kira ni ban samu natsuwa ba. A waya bakina yana riga hankalina gudu, in yi ta kuka ina ɓata miki lokaci. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta, tunda Allah ya sa na koya ko da a makare. Direban motar safe zai kawo miki, tare da goran mursik ɗaya, nonon nan namu mai tsami. Kada ki bar shi a rana.

Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ki gyara mini. Takardar da hukuma ta ba ki, wadda ta ce akwatin da ke kare injin sanyaya madara daga tsawa ƙirƙirarki ce, ba mai ƙera irinsa sai da izininki, ita wani kamfani ya kai ƙara a soke. Sun ce ba sabon abu kika yi ba. Hujjarsu kuma shafi na bakwai ne na littafin jana'izar babanki. In aka soke, za su cika kasuwa da nasu, ke kuma ki rufe wurin aikinki, ki sallami mutanen da ke ci a ƙarƙashinki.

Chesang, ni na sa zanen nan a littafin. Kada ki zargi kwamitin jana'iza, kada ki zargi baffanki. Lokacin kina hanya daga wurin karatu, ba ki iso ba sai ana gobe binnewa. Kwamiti ya zauna a tsakar gida yana tsara littafin da za a raba wa masu ta'aziyya. Aka sa hoton aurenmu, aka sa na ranar da masana'antar shayi ta ba shi agogo. Aka karanta mini tarihinsa: an haife shi, ya yi baftisma, ya yi aiki, ya yi aure, ya yi ciwo. Na ce musu wannan ai tarihin kowa ne, ina mutumin yake a ciki? Na shiga ɗaki na ɗauko littafinsa mai baƙin bango. A lokacin ko harafi ɗaya ban sani ba. Na yi ta buɗawa har na ga shafin da ya fi kyau a ido, wanda ya ja layukansa da jan alƙalami da shuɗi, ya yi rubutu ƙanana a gefe. Mai buga takardu ya ce, "Mama, wannan ai zanen waya ne, ba a sa shi a littafin mamaci." Na ce masa, "Mijinka ne ko nawa?" Aka buga ɗari shida. Ko ɗaya ba a bari a kan kujera ba, kin kuwa san mutanenmu ba sa yar da littafin jana'iza. Ni na zata girmama shi nake yi. Ashe shekara tara kafin yau na haƙa miki rami.

Jiya na zauna ina kallon tsohon akwatinsa da ke saman ƙofa. Kin tuna? Da hadari ya taso da la'asar, sai a ji ƙas, wuta ta ɗauke. Ko an dawo da ita, akwatin ba ya buɗe mata sai bayan minti uku. Yakan ce wutar da ta fita da fushi ba a yi mata maraba nan take, a bar ta ta huce a waje. Lokacin da ya fara ƙera shi ba shi da agogo, da waƙar da baffanki ke bayarwa a coci ya auna lokacin, baiti uku cif. Kina 'yar shekara biyar kina riƙe masa sukurdireba, kuna rerawa tare, shi da muguwar muryarsa.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Kin ce sun ce duk wani matsakaicin mai aikin lantarki da ya ga zanen zai iya gano naki. Wane ne wannan mutumin? Ɗan wane gida ne? In ya iya, me ya hana shi yi tun tuni?

Ki ci abinci. Ki yafe mini.

Mahaifiyarki,
Rael, Obot Chesang

Sosiot, 21 ga Maris

'Yata Chesang,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya, ke da ma'aikatanki. Na ji kin ce ba ki riƙe ni da komai ba. Na gode, Allah ya yi miki albarka, amma zuciyata ba ta ji maganar ba tukuna.

Lauyarki Kemunto ta zo ranar Talata. Yarinya ce mai ladabi, sai dai wa ya ce mata a zo Sosiot da damina da irin wannan takalmi? Na ara mata takalmina na roba. Ta sha shayi kofi biyu, ta ci tuwon masara da ganye, ba ta yi fulako ba. Na ji daɗin haka.

Na ce ta bayyana mini kamar tana magana da kakarta. Sai ta ja ni bakin gona ta nuna shinge. Ta ce alƙalai ba akwatin da ke hannunki suke dubawa ba, abin da aka rubuta a takardar suke karantawa, layi layi, su ga inda shingenki ya tsaya. Kowane layi da'awa ake ce masa. Da'awarki ta ɗaya babban shinge ne: duk akwatin da ke da ƙwayar da ke shanye ƙarfin tsawa, da makunnin da ke jira kafin ya mayar da wuta. Ta ce, "Mama, wannan duk yana cikin zanen marigayi, ba ɓoye-ɓoye. Da wuya mu cece shi." Amma akwai ƙaramin shinge a ciki, da'awa ta huɗu. A nan kika ce a jingina ƙwayar da makunnin baya da baya, da siririn jan ƙarfe a tsakaninsu, domin in ƙwayar ta tsufa ta fara zafi, zafin nata ya buɗe makunnin tun kafin ta kama da wuta. A zanen babanki kuwa nesa da juna suke, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Kamfanin ya ce matso da su kusa ba wata dabara ba ce, abu ne a fili.

Na tambaye ta mutumin nan matsakaici. Ta yi dariya ta ce babu shi a duniya, alƙalai ne ke ƙaga shi a ransu don su yi awo da shi. Wai ya san aikinsa, ya karanta duk abin da aka taɓa bugawa, har littafin jana'iza, amma tunanin kansa bai taɓa zo masa ba ko sau ɗaya. Na ce, "Ayya, na san shi, shi ya yi mana sakataren ƙungiyar madara shekara goma." Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.

Daga nan ta daina dariya. Ta ce abin da zai fi taimakonki shi ne a nuna cewa wani gwani ya taɓa gwada haɗa su ya kasa, ko ya gargaɗi mutane kada su yi. In gwani ya juya baya ga hanya, ba za a ce matsakaici zai bi ta da sauƙi ba. Ta dube ni ta ce, "Mama, marigayi ya taɓa gwadawa? Sauran littafinsa da aka ɗauko zanen a ciki yana nan?"

Na ce mata ban sani ba. Na ce gara ta cinye littafin.

Ta gode mini, ta ce sai ƙarshen Afrilu za a rufe karɓar hujja, in na tuna wani abu in kira ta. Na raka ta bakin titi, na ba ta ƙwai.

Chesang, ban faɗa mata gaskiya ba. Littafin yana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin rigar aurena, ko gefensa gara ba ta taɓa ba. Kada ki kira ni a kan wannan, ba zan iya faɗa da baki ba. Ki ba ni mako ɗaya.

Allah ya tsare ki.

Mahaifiyarki,
Rael

Sosiot, 30 ga Maris

'Yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Na gode da kika yi haƙuri ba ki kira ba. Wannan takarda kwana uku na yi ina rubuta ta, za ki ga alƙalamin ya canja.

Shekara ashirin ke nan. Kina aji biyu a makarantar kwana, shi ya sa abin da kika sani shi ne abin da kowa ya sani: tsawa ta faɗa ɗakin madarar baffanki Sila, ya ƙone da injin da ke ciki. A lokacin mutane suna cewa Arap Maritim, wato ɗan Maritim, biyu ne a garin nan, mai shanu da mai wuta, baffanki da babanki ke nan. Mai shanu ya sayi injin sanyaya madara na farko a wannan tudu, mai wuta ya kafa masa akwati. Ba wanda ya kai su shiri. Tare suke zuwa kasuwa, tare suke dawowa suna musu.

Babanki ya daɗe da sanin raunin akwatinsa. Ƙwayar nan tana tsufa, duk tsawar da ta sha tana rage mata rai, wata rana sai ta yi zafi ta kama, ba wanda ya sani. Shekaru ya yi yana neman yadda makunnin zai ji zafinta ya yanke wuta. A teburin nan na bayan madafa yake gwadawa ran Asabar. Sau ɗaya ya shigo ba gira, na yi dariya har na zauna a ƙasa, ya ce, "Yi dariyarki, Obot Chesang, uwar Chesang, gira tana tsirowa." Sau goma ya gwada, sau goma ya ƙone. Na goma sha ɗaya ya yi wata guda a teburin bai yi komai ba. Sai ya ɗauka ya je ya cire tsohon akwatin da ke ɗakin yayansa ya kafa sabon, bai gaya masa ba. So yake sai damina ta wuce ya ce masa, ka ga abin da na yi maka.

Ranar wata Alhamis ce da la'asar. An yi ruwa da rugugi kamar kullum. Kafin a ankara hayaƙi ya tashi. Kowa ya ce tsawa ce, me za a ce kuwa?

Kin san abin da ke biyo bayan tsawa. Dattawa suka zo, aka yanka rago, aka ce ba mai shan madarar garken sai an cika kwanaki. Kwanakin sun cika, amma bakin mutane bai cika ba. Mata suka daina zuwa ɗibar wuta a murhun marigayiya Rusi, matar baffanki. A kasuwa ana gaishe ta daga nesa. Ana ta raɗa, me suka yi da har sama ta nuna gidansu? Baffanki da ke ba da waƙa a coci tun yana saurayi ya koma kujerar baya. Tun daga ranar ban sake jin muryarsa a waƙa ba.

Babanki shi ya ɗauki kowane itace da aka sake gina ɗakin da shi. Mutane suna yaba masa zumunci. Ni kuwa na ga ya daina zama a teburinsa, na ga yana tura abinci gefe. Na zargi wani abu, ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Haka muka zauna shekara goma sha ɗaya har ya tafi.

Bayan rasuwarsa na shiga ajin manya a coci don kawai in san me ya rubuta a littafin nan. Ina so in ji muryarsa. Shekara huɗu na yi kafin in iya bin rubutunsa, kin san yadda yake kwantar da haruffa. Shafin farko da na karanta ni kaɗai daga sama har ƙasa, ga abin da ke ƙarshensa: "Gwaji na goma sha ɗaya. Ɗakin Yaya ya ƙone. Ba tsawa ba ce, ni ne. Ƙwaya da makunni ba sa zama wuri ɗaya. Kada kowa ya sake gwadawa." A sama ya zana yadda ya ɗaure su, da kwanan watan kowane gwaji.

Yanzu kin gane ranar nan da kika zo hutu daga jami'a, kika ɗauki fensir kika ce, Baba, me zai hana a matso da su kusa? Ya buga tebur ya daka miki tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Kika yi kuka a bayan rumbu, kika ce don ke mace ce ya raina maganarki. Ba haka ba ne, 'yata. Tsoro ne.

Na san shafin nan shi lauya ke nema. Amma in ya shiga hannun alƙalai ya zama na kowa. Mutumin da ake cewa aikinsa bai taɓa ƙonewa ba, za a ce ya ƙona ɗakin ɗan'uwansa ya yi shiru. Na auna ku biyu har kaina ya yi ciwo. Shi ya kwanta, ke kina tsaye. Zan ba da littafin. Sai dai baffanki ba zai ji wannan daga takardar kotu ba, daga bakina zai ji. Ki yi mini addu'a.

Mahaifiyarki mai tunaninki kullum,
Rael

Sosiot, 19 ga Afrilu

Chesang 'yata,

Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Kin ce kin karanta takardata kin rufe ofis kin yi kuka. Ya isa haka, kada ki sa wa kanki ciwon kai. Ni lafiyata lau, ƙafar ce kawai in an yi sanyi.

Na je wurin baffanki ranar biyu ga wata da hantsi. Na same shi a ƙofar garke yana tufka igiya. Ya ce, "A'a, malamar makaranta, yau da littafi aka zo? Ni dai na tsufa da karatu." Na ce, "Yaya, zauna, zan karanta maka abu." Na fara karantawa, na yi ta tuntuɓe a kan kalmomin da na haddace. Da na kai ƙarshe ya ce, "Sake." Na sake.

Ya ajiye igiyar. Ya daɗe yana kallon wurin da tsohon ɗakin yake. Sannan ya ce, "Shekara ashirin ina tambayar Allah me na yi masa." Ya ce, "Rusi ta mutu tana zaton ita ce. Har a gadon asibiti tana ce mini in yafe mata abin da ba ta sani ba." Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce shekara biyar. Ya ce, "Kina kawo mini mursik duk Kirsimeti da wannan a cikinki?" Daga nan ya ce in tafi gida.

Kwana goma sha biyu bai gaishe ni ba. A coci ya zauna ya juya mini ƙeya. Mun haɗu a rumfar awon ganyen shayi, ya wuce kamar bai ga mutum ba. Ban ga laifinsa ba. Na kira Kemunto na ce mata garar ta yi amai, littafin ya dawo. Ta ce, "Mama, dama ban taɓa ganin garar da ke cin littafi ta bar shafi ɗaya tak ba." Ashe ta gane ni tun ranar.

Ranar Litinin da ta wuce ina shanya wake sai ga shi da buhu a kafaɗa, laka har gwiwa. Bai yi sallama ba. Ya sauke buhun a gabana. Chesang, akwatin ne. Lokacin gobarar dattawa sun ce abin da tsawa ta taɓa ba a ajiye shi a gida, suka sa aka binne shi a gindin shinge. Shi kaɗai ya tuna wurin. Ya yi tsatsa, ya yi baƙi, amma ana ganin ƙwayar da makunnin manne da juna kamar yadda aka zana a littafin.

Ya ce, "Ki aika wa 'yar nan. Alƙalai su gani da idonsu irin wautar ƙanena. In suna son mai shaida, ƙafata tana kai ni Nairobi." Na ce, "Yaya, Allah ya saka." Ya ce, "Ba don shi na yi ba. Ba don ke ba kuma."

Na ce ya zauna in dafa shayi. Sai ya zaga bayan gida wurin kabarin. Ina madafa ina jin sa. "Kai mai wuta! Matsoraci! Da ka faɗa mini ai mari ɗaya zan yi maka a wuce wurin. Ka bar ni ina jin kunyar Allah shekara ashirin saboda ɗan ƙarfenka?" Ya yi ta faɗa kamar yadda suke yi a hanyar kasuwa, sai dai ba mai rama masa. Can na ji shiru. Da na leƙa, ya durƙusa yana cire ciyawar da ta fito a gefen dutsen.

Shayin bai sha ba. Amma da zai fita ya ce maraƙar jar saniya ta rame, in daina rowar madara.

Littafin da akwatin suna hannun direba, na naɗe su a bargo. Ki karɓa da kanki. Littafin kuma a dawo mini da shi in an gama.

Mahaifiyarki,
Rael

Sosiot, 11 ga Oktoba

'Yata Chesang,

Gaisuwa da murna da godiya ga Allah. Ina fata kin isa lafiya, kin huta gajiyar hanya. Kwana biyun da kika yi mana sun yi kaɗan. Kin manta rigar sanyinki a kan gado, na ajiye.

Takardar hukuncin da kika bar mini na kai ta wurin malamarmu ta ajin manya, ta fassara mini wurin da Kemunto ta ja wa layi, na sa ta maimaita har sau uku. Da'awa ta ɗaya ta faɗi, na ji. Ta huɗu ta tsaya, wurin aikinki ma ya tsaya. Kin ce kina jin zafin ta ɗayan. Ni ban ji ba. Wannan dama na babanki ne, shi kuwa bai taɓa hana kowa kwaikwayonsa ba, rabin gidajen tudun nan shi ya kafa musu a kan kofin shayi. Yanzu hukuma ta ce na kowa ne. Haka yake tun asali.

Wurin da ya sa ni hawaye shi ne inda suka ce babanki, Elija arap Maritim, ya fi matsakaicin mai sana'a nesa, kuma tunda irinsa ya gwada sau goma sha ɗaya ya rubuta kada a sake, ba za a ce hanyar a fili take ba. Na ji tsoron su kira shi mai ganganci. Ga shi kasawarsa ce ta tsaya miki shaida.

Garin ya ji, ba yadda za a yi. Wasu sun yi magana, wasu sun zo sun zauna da ni ba su ce komai ba. Tsofaffin matan da suka guji murhun Rusi, biyu daga cikinsu sun je sun gaida baffanki da goran madara. Ya karɓa. Ni har yanzu bai koma kirana malamar makaranta ba, Obot Chesang yake cewa, a taƙaice. Zan jira.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna da kika kafa wa baffanki akwatinki a ɗakin madara ya ce, "In wannan ma ya ƙone, ke da ubanki zan haɗa in kai ƙara"? Washegarin tafiyarki na kai masa maganin kaska da la'asar, sai hadari ya haɗo. Na fake a rumfarsa. Shi kuwa ya ƙi shigowa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin madara da lema a hannu ɗaya, bokitin yashi a ɗayan, yana harar akwatin. Aka yi wata walƙiya har shanu suka zabura. Muka ji ƙas. Injin ya yi shiru.

Ba hayaƙi, ba wari. Fitilar gidan maƙwabta ta dawo, tasa ba ta dawo ba. Ya waiwayo ya ce, "To, ya mutu ke nan?" Na ce, "Jira yake, Yaya. Minti uku ne, kamar na da." Ya ce shi ba shi da agogo. Na ce masa ƙanensa ma ba shi da shi lokacin da ya auna, na gaya masa da waƙarsa ta coci ya auna, baiti uku. Ashe bai taɓa sani ba.

Ya tsaya yana kallona, ruwa yana zuba daga lemar. Sai ya ajiye bokitin. Ya gyara murya, ya fara waƙar a hankali, kamar mai taka gadar da bai yarda da ita ba. Muryar ta tsufa, ta dushe, amma ita ce. Baiti na biyu na kama masa. Muna rufe baki a kan na uku, akwatin ya ce ƙas, injin ya tashi.

Ya ɗauki bokitinsa ya zubar da yashin a gindin shinge. Ya ce in shigo, ruwan ba mai tsayawa ba ne yanzu, zai sa a dafa shayi.

Ki sa rigar sanyi, ki sayi wata kafin in aiko da wannan. Ki gaida Kemunto, ki ce takalmin robar nan yana nan yana jiranta.

Mahaifiyarki,
Rael, Obot Chesang